Yunwa a Gaban Suruka

A unguwarmu ta Sheshe, cikin birnin Kano, an san ni da abu biyu, ɗinkin babbar riga da cin abinci. Na farkon ana yaba mini shi a gabana, na biyun sai na ba da baya. Ban taɓa jin haushi ba. Mutumin da ya wuni yana taka keken ɗinki, in ya sami malmala uku ya ga bayansu, ban ga wanda ya yi wa laifi ba. Abin da ban taɓa kawowa a raina ba shi ne wata rana cikin nan nawa zai zama shaida tsakanin ɗa da uwa.

Ɗan da nake nufi shi ne Mikail, yayan matata Nana Hauwa, abokina tun muna firamare. Shekara goma sha huɗu ya yi a Lisbon ta ƙasar Fotugal. Karatun injiniya ne ya kai shi. Yadda aka yi ya ƙare a kicin kuwa, ko shi ka tambaya sai ya sosa ƙeya. Ya fara da wanke-wanke, ya koma yankan albasa, har ya zama shi ke riƙe da tukunya a wani gidan abinci. Ya dawo mana da akwati biyu, ɗaya na tufafi, ɗaya shaƙe da wasu 'yan farantai kamar tafin hannu, kowanne a naɗe cikin jarida.

Abin da yake so bai ɓoye ba. Zauren gidansu na Soron Ɗinki yake so, wanda yake kulle tun rasuwar mahaifinsu, ya buɗe wurin cin abinci irin na can: a kawo maka kala goma, kowanne loma biyu, kuna ci kuna hira. Zauren kuwa a hannun Hajiya Kulu yake, mahaifiyarsu. In ta yarda ya zauna a Kano. In ta ƙi, jirginsa na nan ranar Talata ta sama, kuma ya faɗa mini da bakinsa cewa in ya tafi wannan karon, ba zai sake dawowa da niyyar zama ba.

Matsalar ita ce Mikail ɗan fari ne. Hajiya ba ta kama sunansa, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta yi masa doguwar magana. Ga shi da furfura a gemu, amma har yau “wancan yaron” ne. Duk shekarun da ya yi a waje, in ya bugo waya sai ta miƙa wa Nana Hauwa, ita kuma ta zauna kusa ta kasa kunne tana gyaran wake. Ga kuma maƙwabciyarta Uwani, wadda ba ta taɓa wuce Zariya ba amma ta san duk abin da ake yi a Turai, ta riga ta shaida mata cewa a irin waɗannan wuraren abincin ado ne kawai, giya ake zuwa sha.

Ranar da Hajiya ta ga farantan, ta ɗauki ɗaya ta juya shi, ta ajiye.

“Waɗannan na ɗakin 'yar tsana ne?” ta tambayi Nana Hauwa, shi kuwa yana tsaye a wurin. “Ki gaya masa ba za a mai da zauren Malam wurin da mutum zai shiga da yunwa ya fito da yunwa ba. In na ga namiji guda ya ƙoshi da abin nan, da idona, sai a yi magana.”

Washegari sai ga Mikail a shagona, ya zauna a kan yadin mutane.

“Ɗalha, kai ne namijin.”

“Wane namiji?”

“Wanda zai ƙoshi. Duk cikin gari in kai ka ce ka ƙoshi, ba mai ɗaukaka ƙara. Na ari saman shagon Gambo mai yogot a Gwale, ranar Asabar bayan la'asar. Don Allah kada ka karya, kada ka ci na rana. Ka zo mini da cikinka wayam.”

Na ce masa wannan ai ba taimako ba ne, gata ne. Ni dai a tunanina za a yi yadda aka saba, maza a gefe, mata a gefe, a kai wa Hajiya labari da farantan da aka share. Ban tambaya ba, shi ma bai faɗa ba.

Ranar Asabar na cika alkawari har na wuce gona da iri, don ko ruwan shayi ban kurɓa ba. Kafin azahar na ɗinke wa wani Alhaji aljihu a baibai. Da la'asar ta yi, Nana Hauwa ta wuce ɗauko Hajiya a adaidaita sahu, ni kuma na taka a ƙasa, wai don yunwar ta ƙara nuna. Fitar Hajiya kanta abin labari ne. Tun da take ba ta taɓa cin abinci a waje ba in ba gidan biki ko na rasuwa ba, a wurinta mai ci a kasuwa wanda ba shi da gida ne.

Na hau benen Gambo, na yi sallama, sai ƙafata ta tsaya. Tebur ɗaya ne a tsakiyar ɗakin, an lulluɓe shi da farin ƙyalle. Kujera uku. Hajiya a kan ɗaya, Nana Hauwa a kan ɗaya, ta ukun kuma tana kallon Hajiya sak, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kamu uku ba.

Shekara goma sha ɗaya ina auren 'yarta, Hajiya ba ta taɓa ganin muƙamuƙina yana motsi ba. Ko goro ne a bakina na hango ta, haɗiye shi nake yi. In na je gaishe ta, a bakin ƙofa nake durƙusawa, a kai mini abinci ɗakin waje, in ci in rage, in tafi. Haka ubana ya yi da tasa surukar, haka na taso na gani.

Na durƙusa na gaishe ta.

“Lafiya lau, Baban Ikram. Tashi ka zauna mana, ai an ce kai ne alƙali.”

Na kalli Nana Hauwa don neman agaji. Ta sunkuyar da kai tana gyara mayafi, kafaɗunta suna rawa. A nan na gane ta san da wannan tun jiya, ta yi shiru don ta sha kallo. Na ɗosana a bakin kujera kamar wanda ya zo biyan tara.

Mikail ya fito daga wani ɗan lungu da aka mayar kicin, ya ɗaura farin ƙyalle a ƙugu, fuskarsa sai sheƙi take. Ya ce a can haka ake yi, tebur ɗaya, kowa ya sa hannu a farantin kowa, shi ne daɗin abin. Sannan ya jera mana wasu kofunan gilashi masu doguwar ƙafa siririya, ya tsiyaya wani jan abu a ciki har rabi.

Hajiya ta ja da baya.

“Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ashe Uwani ba ta yi ƙarya ba.”

“Zoɓo ne, Hajiya,” in ji Mikail. “Wallahi zoɓo ne, da kanumfari da ɓawon lemo. Shekara goma sha huɗu ina tsaye kusa da waccan abar, ko a harshe ban taɓa ɗigawa ba. Kofin ne kawai irin nasu.”

Ba ta kalle shi ba.

“Baban Ikram, ɗanɗana mana.”

Na ɗauki kofin, ban ma san ta inda ake kama shi ba. Na kau da kai gefe, na kare da hannun riga, na kurɓi abin da bai fi cikin cokali ba. Sanyinsa ya sauka cikin cikina da ba kowa, na ji shi har ƙasa.

“Zoɓo ne, Hajiya.”

“Ka taɓa shan ɗayan ne?”

“Subhanallahi! Ban taɓa ba, Hajiya.”

“To da me ka gane ba shi ba ne?”

Gaba kura, baya sayaki. Nana Hauwa ta ce tari ne ya sarƙe ta, ta tura fuska cikin mayafi. Hajiya ta bar ni na gama dahuwa tukuna, sannan ta jawo kofinta da yatsa biyu, ta sunsuna, ta taɓe baki.

“Kanumfarin ya yi yawa. A juye mini a kofi mai mutunci.”

Gambo ya ba da aron kofin silba. Mikail ya koma gefe ya zuba tsamiya da na'ana'a da dakakkiyar ƙanƙara a wani gwangwanin ƙarfe, ya rufe, ya hau girgiza shi kusa da kunne da hannu biyu. Hajiya ta tambayi Nana Hauwa ko a can har kaɗa caki ake koya musu.

Daga nan farantai suka fara sauka. Zaitun da tafarnuwa. Wani abu kamar ƙosai amma dogo, na busasshen kifi da dankalin Turawa, guda uku rak. Ƙundun kaji a jar miya mai kauri. Naman sa 'yan gutsi-gutsi, an tsittsira musu tsinken sakace. Koren wake da aka tsoma a ƙullu aka soya. Sadin a kan gasasshen burodi. Mikail yana ajiyewa yana faɗin sunansu da yaren can, sunaye masu yawan shuu da shii, kamar mai korar kaji.

Ƙamshin ƙundun nan ya bugi hancina, yawuna ya tsinke. Cikina ya yi wani ƙugi da na tabbata an ji shi a ƙasan bene. Na miƙa hannu, na ɗaga ido, sai ga idon Hajiya a kaina. Ba harara take yi ba, kallo ne kawai na wadda ta zo ganin abin da aka ce ta zo gani. Hannuna ya karkata da kansa ya ɗauko zaitun ɗaya. Na sa a baki, na rasa yadda zan tauna, na ajiye shi a kunci. Ashe da ƙwallo a ciki.

A rabin sa'a abin da na ci ke nan: zaitun biyu, ɗaya har da ƙwallonsa, da kusurwar ƙosan kifi. Ga wata sabuwar masifa kuma. Mutumin kirki ba ya share kwano a gidan surukai, sai ya rage. To ta yaya za ka rage a farantin da abu uku ne a ciki, kuma ku uku ne? Sai farantan suka riƙa komawa kicin kusan yadda suka zo. Hajiya ba ta taɓa komai ba. Ta bi kowane faranti da ido har ya ɓace, ta ce wa Nana Hauwa, a hankali amma yadda kowa zai ji, “Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.”

Sheƙin fuskar Mikail ya koma gumi. Da ya zo ɗauke faranti na bakwai, ya taka mini ƙafa, ya ce in zo in taya shi duba gas.

Muna shiga lungun ya juyo.

“Kai, me na yi maka? Rannan a gabana ka cinye kwanon mutum uku a gidan suna! Abincin ne ba daɗi? Faɗa mini gaskiya.”

“Mikail, wace ce a zaune a gabana?”

“Hajiya mana.”

“Ni mene ne a wurinta?”

Ya tsaya yana kallona. Na ga lokacin da abin ya faɗo masa. Ya zauna a kan tukunyar gas, ya dafe kai.

“Na manta,” ya ce. “Wallahi na manta. Kwana uku ina lissafin gishiri da mai, ban tuna da wannan ba.” Ya ɗago ya dube ni. “Ka gani ko, Ɗalha? Wanda ya manta suruki ba ya ci a gaban suruka, shi ne zai ciyar da mutanen cikin gari? Wataƙila ita ce da gaskiya. Can ɗin ma baƙo nake, nan ma na zama baƙo.”

Na shigo da haushinsa, amma sai tausayinsa ya kama ni, har na ji yunwar ta ja baya. Wannan mutumin tare muka sha bulalar makara. Na tuna ranar Talata, na tuna Nana Hauwa da za ta koma riƙe wa tsohuwa waya. Na ce masa ya tashi ya ɗumama ƙundun nan, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yau ko za a yi da ni a Sheshe har jikokina, sai na ci.

Na koma na zauna sosai, na naɗe hannun riga. Ƙundu ya dawo yana tururi. Na yi bisimilla a bayyane, na soki mafi girma da tsinke, na ɗago shi. Ya zo daidai haɓata, Hajiya ta gyara zaman tabaraunta. Shi ke nan. Hannun ya ƙi gaba, ya ƙi baya, ƙundun ya suɓuce ya faɗa cikin kofin zoɓon nan mai doguwar ƙafa, tsulum. Jan ruwa ya fantsama a kan farin ƙyallen teburin da gaban rigata. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Nana Hauwa ma dariyar ta ɗauke mata, don ta hango fuskar yayanta a bakin lungu.

Hajiya ta daɗe tana kallon ƙundun yana iyo. Sannan ta yi gyaran murya.

“Nana, fankar nan tana bugun idona. Juya mini kujerar nan ta kalli can. Ki jawo mini wancan ɗan bencin in ɗora carbina.”

Fankar ko motsi ba ta yi, tun shigowarmu ba wuta sai ta injin da ke riƙe da firij. Aka juya kujerar, Hajiya ta ba mu baya, ta fuskanci babban firij ɗin yogot na Gambo da ke jikin bango.

Jama'a, na ci abinci.

Na fara da ƙundun, na bi da ƙosan kifi, wanda ashe cikinsa laushi ne kamar auduga, gishirinsa daidai. Naman nan mai tsinke na daina bi ta kan tsinken. Mikail ya riƙa gudu tsakanin lungu da tebur, yana kawowa ina sharewa, har da burodi nake bin miyar. Tsamiyar da ya kaɗa na sha kofi uku, ban damu da tsawon ƙafar kofin ba. Abin da na gane shi ne ƙaramin faranti mayaudari ne. Malmala tana gaya maka gaskiya tun daga nesa, shi kuwa wannan sai ka ce ɗaya dai, ɗaya dai, ba ka ankara ba an tara maka hasumiya a gefe.

Ina cikin haka na lura Nana Hauwa tana zare faranti ɗaya cikin kowane uku, tana kai wa bencin carbi, yana dawowa fes. Na yi kamar ban gani ba. Amma ɗan Adam da ƙarambani, da na cika baki da sadin sai na ɗaga kai. Ƙofar firij ɗin gilashi ce. A cikinta, tsakanin robobin yogot, ga fuskar Hajiya tar, kuncinta a cike, da ɗan wake soyayye a hannunta. Ni take kallo. Tun ɗazu ni take kallo.

Idonmu ya haɗu. Ta tsaya da tauna, na tsaya da tauna. Sai ta mai da idonta kan yogot, ni kuma na mai da nawa kan silin, kowa ya ci gaba da abin da yake yi. Har yau ba wanda ya taɓa tayar da maganar, kuma in an tambaye ni a kotu zan ce ban ga komai ba.

A ƙarshe Mikail ya kawo wasu 'yan ƙoƙuna na fulawa mai ɓarewa, cikinsu ƙwai da madara, samansu ya ɗan ƙone. Na ci ɗaya. Na ci na biyu. Na gutsiri na uku, sai na ji wani abin da na daɗe ban ji ba: babu wuri. Na kwance maɓallin wuya, na jingina, na yi hamdala. Wannan ragowar ba ta kara ba ce, ta gaskiya ce.

“Nana, miƙo mini farantin can,” in ji Hajiya, ba ta juyo ba.

Aka kai mata. Ta dubi rabin da na bari, ta dubi gefen da na ciza. Ta mayar wa Nana Hauwa, ta goge hannu, ta ɗauki carbinta, ta miƙe. Ba ta ce ya yi ba, ba ta ce bai yi ba. Ta ce magariba ta kusa, a nemo mata abin hawa.

Muka sauko a jere, ita a gaba tana dafa bango, Mikail a baya riƙe da jakarta, ya ma manta da ƙyallen da ke ƙugunsa. Jikinsa duk ya yi sanyi. Ni ma na fara tunanin ko na ci na banza ne. Muka tsaya a bakin titi, masu kayan miya suna ta kwashe tirensu, har wani adaidaita ya tsaya. Nana Hauwa ta shiga. Hajiya ta sa ƙafa ɗaya, ta dakata, ta yi magana tana kallon 'yarta.

“Ki gaya wa wancan yaron, rufin zauren yana yoyo ta kusurwar gabas. Ya nemo magini kafin ruwa ya sauka. Kuma ya tsaya a kansu da kansa har su gama, magina ba a barinsu su kaɗai. In damina ta wuce sai a ga ko gyaran ya riƙe.”

Ta karɓi jakarta daga hannunsa ba tare da ta ɗago ba, ta shige, suka tafi.

A lokacin saura wata huɗu cur a ga hadari a Kano. Mikail ya tsaya a bakin kwalbati yana lanƙwasa yatsu kamar ɗan aji ɗaya, ya ƙirga zuwa saukar ruwa, ya ci gaba zuwa ɗaukewarsa, yatsun suka kusa ƙarewa. Maganar jirgin Talata ta mutu ke nan. Sai ya kama gefen ƙyallen nan ya kai fuska.

Na juya na shiga tambayar mai lemo nawa yake sayar da kashi, ni da ko ruwa ba ni da inda zan zuba. Na daɗe ina ciniki.